Benci a Ƙofar Ɗakin Gawa

Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a ɗakin ajiye gawa na babban asibitin garin, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Daga likitoci har masu shara, kowa Baba Sanyi yake ce masa, saboda firji uku da yake kula da su. Mai gadin ƙofar baya ne ya laƙa masa sunan, kuma ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Baba Sanyi, yaya baƙin naka? Sun tashi lafiya?"

"Har yanzu dai ba wanda ya kawo ƙara," yakan ce, ya wuce yana kaɗa makullai.

Ɗakin yana can ƙuryar asibiti, bayan wurin wanki da gidan janareto. A ciki akwai firjin nan uku, kowanne yana cin mutum huɗu, da teburin ƙarfe, da famfo mai tiyo, da kabad inda ake ajiye kayan da aka samu a jikin mamata, kowa da ambulan ɗinsa. A waje kuma benci ɗaya ne ƙarƙashin rumfar kwano, inda dangi ke zama su jira a kira su.

Ƙa'idar aikin a bayyane take. In an kawo gawar da ba a san danginta ba, sai a ɗauke ta hoto, a rubuta kamanninta a rajista, a sa kayanta a ambulan, a jira sati shida. In ba wanda ya zo, sannan a miƙa ta ga ma'aikatan gari su binne. Baba Sanyi ya bi wannan ƙa'ida shekara da shekaru. Sau ɗaya ya karya ta.

A tsakiyar zafi ne, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Babbar mota ta yi karo da motar fasinja a bakin gari, aka kawo masa mutum ashirin da uku a yini ɗaya, a satin da firji biyu suka lalace. Aka jera mutane a ƙasa. Dangi suka yi ta zuwa suna ɗaukar nasu, amma a rana ta huɗu akwai saura bakwai, kuma warin ya kai har ɗakin masu haihuwa. Kwana huɗun nan bai yi su cikin hayyacinsa ba. Akwai kwalbar giya a bayan kabad, ita yake kurɓa don ya iya tsayuwa a ɗakin. Babban jami'in asibiti ya leƙo da hankici a hanci, ya ce, "Ka san yadda za ka yi da su kafin yamma," ya juya. Bai ba da takarda ba. Baba Sanyi ya kira ma'aikatan gari, suka zo da mota suka kwashe su. Ba hoto, ba kamanni, ba ambulan. Layi ɗaya ya rubuta a rajista: bakwai, ba a san su ba.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba a haɗarin ya mutu ba. Wani saurayi ne da 'yan sanda suka tsinta a gefen titi, mota ta buge shi ta gudu, suka ajiye shi cikin rububin suka tafi. Yana da tabo a girar hagu. A aljihun rigarsa akwai tasta, ɗan ƙarfen nan da masu aikin lantarki ke gwada wuta da shi, an naɗe mariƙinta da koren zare. Baba Sanyi ya tuna soket ɗin ɗakinsa yana ba shi wahala, sai ya zura ta a aljihu.

Kwana tara bayan haka wata mata ta zo.

Siririya ce, za ta kai shekara hamsin da biyar, da baƙar jaka a hannu da hoto cikin leda. Ta gaishe shi har da rusunawa, ta ce ita mai ɗinki ce, ɗanta take nema. Mai gyaran wuta ne, shekararsa ashirin da bakwai. Ya fita aiki da safe bai dawo ba, wayarsa a kashe. Ta je ofishin 'yan sanda uku, ta je gidan yari, ta zaga ɗakunan marasa lafiya. Wata nas ce ta ce mata ta daure ta leƙa nan.

Ya karɓi hoton. Tun kafin ya gama zare shi daga ledar ya ga tabon.

"Ba ya rabuwa da tastarsa," in ji ta. "Ni na naɗe masa mariƙin da zare, don abokan aikinsa suna yawan ɗauke masa."

A ɗan lokacin da ya yi yana kallon hoton, ya hango kwamitin bincike, ya hango jami'in nan yana rantsuwa shi bai ba da umarni ba, ya hango shekara ashirin da shida sun tafi a banza. Ya miƙa mata hotonta.

"Ba a kawo shi nan ba, Mama."

"Na gode wa Ubangiji," ta ce, ta sauke numfashi. Sannan ta tambaya ko za ta iya zama a bencin ta ɗan huta. Ya ce benci na kowa ne. Ta zauna, ta haɗa hannu a cinya, ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi.

Washegari ta dawo. Washegarinsa ma haka.

Ta mai da abin aikinta. Ƙarfe bakwai na safe, kafin ta buɗe shago, tana bakin ƙofar. Ta gaishe shi, ta tambaya ko an kawo wanda ba a sani ba. In an kawo saurayi, dole ya shiga da ita ya jawo mata shi. Ta duba, ta ce, "Ba shi ba ne. Allah ya kai labari ga uwarsa." Sannan ta fito ta zauna rabin awa a benci tana addu'a. Ba ta ɗaga murya, amma ƙofar a buɗe take saboda iska, yana jin wasu kalmomin ko bai so ba.

Da farko mai gadi ya samu abin wasa. "Baba Sanyi, budurwarka ta iso, yau har da sabon ɗankwali." Bayan wata ɗaya ya daina. Har ya koma share mata bencin kafin ta zo.

A gida, tastar tana cikin tsohon gwangwanin madara a saman kabad ɗin kaya. Sau biyu ya fita da ita zai jefa a kwata, sau biyu ya dawo da ita. Matarsa ta lura abinci yana dawowa yadda ta kai shi.

"Baban yara, ko za ka je a duba ka? Kana aiki a asibiti kana ramewa."

"Zafi ne."

"Wane zafi? Ruwa fa ake yi."

A da shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu. Shekara goma sha huɗu da suka wuce autarsu ta kwanta ciwo a wannan asibitin, tana da shekara tara. Kwana bakwai ya yi yana azumi, yana durƙushe a gefen gadonta. A rana ta takwas shi da hannunsa ya tura ta cikin firjin tsakiya, don ba wani ma'aikaci sai shi. Tun ranar bai sake taka ƙofar majami'a ba. Matarsa takan tafi ita kaɗai ran Lahadi, ta dawo ta tarar da shi yana kwance rediyo yana ɗaurawa, ko yana barci.

A wata na uku ya gwada yi wa mai ɗinkin magana. Ya jira ta buɗe ido, ya tsaya a bakin ƙofa yana cire safar hannu.

"Mama, kina wahalar da kanki. Ki bar mini lambarki. In an kawo mai kama da shi, ni zan kira ki."

"Na gode, ɗan'uwa. Amma zan riƙa zuwa."

"Har yaushe?"

"Har a ba ni amsa." Ta ɗan murmusa. "Ka san labarin gwauruwar nan da Yesu ya bayar? Wadda ta addabi alƙali, mutumin da ba ya tsoron Allah, ba ya ganin kowa da gashi? Ai ba don kirki ya share mata hawaye ba. Gajiya ya yi da ganin fuskarta. To in mugun alƙali ya ji, balle Uba mai jinƙai."

Ya ji kamar ta watsa masa ruwan zafi. Ya dubi fuskarta ko da wata manufa ta faɗa, bai ga komai ba sai idanun da ba sa samun barci.

"Na san labarin," ya ce.

"Ashe kai ma mai bi ne."

"A da."

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ce, "Annabi Iliya sau bakwai ya aiki baransa ya dubo masa gajimare. Sau shida yana dawowa yana cewa babu komai. Ni baran nan nake yawan tunawa. Na tabbata a zuwa na biyar ya fara gunaguni a hanya, yana cewa tsohon nan zai kashe masa ƙafafu." Ta yi 'yar dariya. "Kai ne barana. Kullum sai ka ce mini babu komai. Kada ka gaji da ni."

Ya shiga ciki ya buɗe famfo, ya yi ta wanke teburin da ya riga ya wanke.

A wata na shida 'yar mai ɗinkin ta zo. Malamar makaranta ce, ta biyo da rana bayan an tashi yara, ta tsaya nesa da ƙofar tana riƙe da jakarta a ƙirji.

"Baba, don Allah ka taimake mu. Mama ta ƙare. Ba ta ci, ɗinkin mutane ya taru, hawan jininta ya tashi. Fasto ya yi mata magana, kawunmu ya yi. Kullum sai ta zo nan ta kalli gawar 'ya'yan mutane, ta koma gida ta kasa haɗiye ko ruwa. Kai ne mai wurin nan. Ka hana ta shiga."

Ya ji daɗin roƙon nan fiye da yadda ya kamata. Ya je ya ce wa mai gadi umarni ne daga sama, kada a sake barin matar ta wuce ƙofar baya.

Washegari da mai ɗinkin ta zo, mai gadi ya faɗa mata yana kallon ƙasa. Ba ta yi gardama ba. Ta koma gefen ƙofar, jikin katanga, ta tsaya ta rufe ido. Daga tagar ɗakin gawa ana hango wurin sarai. Rana ta biyu aka yi ruwa, ta tsaya a cikinsa da leda a ka. Ta uku ma ruwa. A ta huɗu mai gadi ya buɗe mata, ya rako ta har benci, sannan ya leƙo ciki.

"In kana so a hana ta, fito ka hana ta da kanka. Ni ina da uwa."

Baba Sanyi ya fito a fusace. Tana zaune tana matse bakin zanenta, tana tari.

"Mama, wai me kike nema wa kanki? So kike wata rana ke ma in jawo ki daga firjin nan?" Muryarsa ta fi yadda ya nufa ƙarfi, amma ya kasa tsayawa. "Kina ta ba ni labarin Iliya da gwauruwa. Waɗanda aka amsa musu kaɗai kika sani? Dauda fa? Kwana bakwai yana kwance a ƙasa ba ci ba sha saboda jaririnsa, yaron ya mutu. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa abin da ke damunsa, aka ce a'a. Yesu kansa sau uku ya roƙa a gonar nan, suka zo suka tafi da shi. Ni ma na yi kwana bakwai ɗina. Ga firjin da na sa 'yata can, na tsakiya. Shekararta tara."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Sannu," ta ce. "Ban sani ba. Ubangiji ya ta'azantar da kai."

"Ba ta'aziyya nake nema ba. So nake ki tafi gida."

"Zauna, ɗan'uwa."

Bai zauna ba. Ta ci gaba duk da haka, a hankali, tana tsayawa in tari ya taso mata.

"Kana tsammani har yanzu roƙo nake a dawo mini da shi da rai? Na bar wannan tun wata na huɗu. Ni na haife shi. Yaron da ko awa ɗaya zai makara sai ya kira ni, ba zai yi wata huɗu yana numfashi bai neme ni ba. Na sani. Daudan da ka ambata, da ya ga bayinsa suna raɗa, ya tambaye su, suka faɗa masa gaskiya. Sai ya tashi, ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abinci. Ya tashi ne don an faɗa masa. Kai ma ka san inda 'yarka take, kana iya zuwa ka cire mata ciyawa. Ni har yau ina kwance a ƙasa. Abu ɗaya nake roƙo yanzu. Akwai mutumin da ya ga ɗana a ƙarshe, ko wanda ya kashe shi, ko wanda ya ɗauke shi, ko wanda ya rufe shi. Ina roƙon Ubangiji safe da yamma kada ya bar mutumin nan ya huta sai ya buɗe baki."

Ta miƙe, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Sai gobe, in Allah ya kai mu."

Ranar bai iya aiki ba. Ya rubuta sunan wani mamaci a layin wani, ya goge, ya sake kuskure. Da la'asar ya kulle ɗakin ya tafi gida. Matarsa tana falo tana gyaran kayan miya a tire, fanka tana juyawa. Ya hau kujera, ya sauko da gwangwanin madarar, ya juye shi a kan tebur. Sannan ya faɗa mata komai, yana tsaye.

Ta ajiye wuƙar.

"Wata nawa ke nan?"

"Kusan bakwai."

"Kullum tana zuwa?"

"Kullum. Ban da Lahadi."

Ta dubi tastar, ta dubi bango. "Soket ɗin nan da ita ka gyara shi?"

"E."

Ta tashi ta zare wayar fankar. Ɗakin ya yi tsit.

"Za su kore ni," ya ce.

"Su kore ka." Ta ɗauki tirenta. A bakin ƙofar kicin ta tsaya, ba ta juyo ba. "Da wani ne ya yi mana haka da autarmu, Baban yara, da me za ka yi masa?"

Washegari ƙarfe bakwai saura yana zaune a bencin. Mai gadi ya gan shi, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa. Mai ɗinkin ta iso, ta gaishe shi kamar kullum. Ya ciro tastar daga aljihu ya ajiye a kan katakon, tsakaninsa da inda take zama.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a hankali, ta ɗauka, ta juya ta, ta bi zaren da farce har ta samu ƙullin da ta yi.

"Faɗa mini," ta ce.

Ya faɗa. Haɗarin, da firjin da suka lalace, da kwalbar bayan kabad, da 'yan sandan da suka kawo shi, da motar ma'aikatan gari. Ya ce a ganinsa bai sha wahala ba, buguwar a kai take. Ya ce bakwai ne a rami ɗaya. Bai rage komai ba, har da soket.

"Ranar da na fara zuwa, ka gane shi a hoton?"

"Na gane shi."

"Ka bar ni na gode wa Allah a gabanka."

"E."

"Saurayi nawa ka jawo mini na duba?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Talatin da ɗaya." Ta sa tastar a jaka, ta ja zif ɗin. "Tashi ka kai ni."

Maƙabartar tana bayan gari. A motar haya ba su zauna kusa da juna ba. Mai haƙa kabari ya tuna ranar, ya kai su can ƙurya, jikin katanga, inda mutanen unguwa ke jefo shara ta sama. Wuri ne mai tsawo da damina ta lotsa, ciyawa ta kai gwiwa, ga ledoji sun maƙale a jiki. Babu dutse, babu allo.

Ta tsaya tana dubawa daga wannan ƙarshen zuwa wancan.

"Ina kansa yake?"

"Ban sani ba," in ji Baba Sanyi. "Ban bi motar ba."

Ta juya ga mai haƙa kabarin. Ya sosa ƙeya ya ce yadda aka sauko da su haka aka jera su, ranar ba a iya tsayawa kusa.

Ta zaga ramin sau ɗaya, tana cire ledojin tana tarawa a hannu. Da ta dawo inda ta fara, ta rasa inda za ta durƙusa, sai ta durƙusa a nan inda take. Ta kira sunan ɗanta. Baba Sanyi ya ji kukan uwaye a bakin ƙofarsa fiye da yadda zai iya tunawa, yana ganin ba irin wanda bai ji ba. Wannan bai taɓa jin irinsa ba. Mai haƙa kabarin ya cire hularsa ya ja baya. Shi kuwa ya tsaya inda yake, don bai ga yana da ikon matsowa ba, bai kuma ga yana da ikon tafiya ba. Ta fi awa ɗaya. Da ta gama ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe gwiwa, ta wuce shi ba ta dube shi ba.

'Yar ce ta rubuta ƙara. Ta zo asibitin da takardar a hannu, ta same shi a bakin ƙofa, wannan karon ba ta ce masa Baba ba. "Ni na zo ina roƙonka ka hana ta shiga," ta ce. "Ni da bakina. Kana kallona." Aka kafa kwamiti. Babban jami'in ya ce shi bai tuna ya ce a binne kowa ba, in ma ya faɗa, ina takarda? Bayan wata biyu aka sallami Baba Sanyi, saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya, ba fansho. Dangin sun nemi a tono ɗansu, aka ce musu bayan damina guda a rami ɗaya ba za a iya bambanta wani da wani ba sai da gwajin da ba a yi a garin. Maganar ta mutu a nan. Direban da ya buge shi ba a taɓa samunsa ba.

Ya samu aikin share-share a wani injin yankan katako, inda ba wanda ya san laƙabinsa. Mai gadi ya zo gaishe shi sau ɗaya, suka zauna suka rasa abin faɗa, ya tafi. Wata Lahadi ya sa riga ya bi matarsa har ƙofar majami'a. Da ya ji an ɗauki waƙa sai ya ce mata ta shiga, zai jira a inuwa. A nan ta fito ta same shi.

Wata huɗu bayan sallamar, ran wata Asabar da rana, aka yi sallama a ƙofar gidansu. Matarsa ta leƙa, ta dawo fuskarta a sauye.

"Ita ce."

Mai ɗinkin ta ɗan yi ƙiba, tarin ya tafi. Ta ƙi shiga falo, ta zauna a kujerar roba a tsakar gida. Matarsa ta kawo ruwa, ta ce ta gode, ba ta taɓa kofin ba. Ta ciro littafin rubutu na 'yan makaranta da biro.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba," ta ce. "Ina zuwa wurin duk Asabar in share. Tunda ban san inda nawa yake ba, duka nake sharewa. Sauran shidan ma wani ya haife su. Kai kaɗai ka gan su da kyau. Ka faɗa mini duk abin da ka tuna, in kai gidan rediyo da tashoshin mota."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya rufe ido. Akwai wani tsoho mai gajeriyar ƙafa ɗaya, takalminsa na dama an ƙara masa tudu. Akwai mace mai haƙorin zinariya a sama, da baƙin siket. Maza biyu masu shuɗiyar rigar aiki iri ɗaya, kamar wa da ƙane, ɗaya da zobe. Akwai budurwa da filasta a hannun hagu, an yi rubutu da biro a jikin filastar, bai karanta ba. Tana rubutawa a hankali, tana sa shi ya maimaita.

"Biyar ke nan. Na shida fa?"

Ya matse goshi. Yana ganin wurin da aka kwantar da shi, kusa da famfo. Yana ganin tiyo a gefe. Abin da ke kwance a wurin ne ba ya gani.

"Ban tuna ba."

"Ko tufafi?"

"Ko tufafi."

Ta rubuta lamba shida, ta bar layin ba komai, ta rufe littafin. Da ta miƙe, ya miƙe shi ma.

"Mama," ya ce.

"Na san abin da kake so ka tambaya. Ban yafe maka ba." Ta faɗa ba da faɗa ba, kamar mai gaya wa mai kaya ɗinkinsa bai gamu ba. "Fasto ya ce dole ne, ni ma na san dole ne. In na zo wurin nan a addu'ar Ubangiji sai bakina ya yi nauyi. Ina roƙo a ba ni ikon yi. Wata shida ke nan, ba a amsa ba tukuna. Ina nan ina roƙo."

Matarsa ta raka ta har bakin titi, ta daɗe ba ta dawo ba. Shi kuwa ya koma ya zauna jikin bango, har inuwa ta rufe tsakar gidan, yana ƙoƙarin tuna ko na shidan namiji ne ko mace.